Sinukar Teburi da Sinukar Waya: Sharhi Daga Zawaciki

1.0 Gabatarwa

Zawaciki gari ne a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kudu maso yamma da birnin Kano, wanda a da ƙauyen manoma ne, amma yau birni ya riga ya haɗiye shi. Masana'antun Calawa suna maƙwabtaka da shi, na Sharaɗa suna kan hanyarsa ta shiga gari, kuma a can ne Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe Tashar Tsandauri ta Dala cikin watan Janairu na 2023. Gari irin wannan yakan tara samari masu jira: mai jiran lokacin shiga aiki, da mai jiran a kira sunansa a ƙofar kamfani domin aikin yini, da mai jiran lodi, da wanda ya gama makaranta yana jiran abin da Allah zai yi. Duk inda jira ya yi yawa kuwa, wasa ba ya nisa. A irin waɗannan unguwanni ne teburin sinuka ya sami gindin zama, a rumfar kwano, kusa da mai shayi ko mai cajin waya. A nan ne kuma yanzu ake ganin saurayi zaune a kan benci, teburin yana gabansa babu kowa a kai, shi kuwa ya duƙufa yana buga sinukar a cikin wayarsa.

Wannan maƙala sharhi ce a kan wannan wasa na biyu, watau sinukar waya, da niyyar a auna shi kamar yadda akan auna littafin da aka mayar fim: me ya ɗauko daga asalinsa, me ya bari, me kuma ya ƙara daga aljihunsa. Hukuncin da za a kafa wa hujja shi ne, wasan ya ƙware matuƙa wajen kwaikwayon ƙwallo, amma ya zubar da abubuwa biyu da suka sa sinuka ta zama 'yar gida a Kano, watau hannun ɗan wasa da bakin ɗan kallo, sa'an nan ya cike gurbinsu da wani abu wanda Bahaushe ya daɗe da sanin sunansa.

2.0 Sunan da Abin da Ake Kira da Shi

Kalmar sinuka ta bi hanyar da kalmomin aro daga Turanci suka saba bi. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka sai ta kutsa wasali a tsakaninsu, kamar yadda ta yi a siket da sito da sufana. Ƙarshen kalmar kuma ya koma wasalin a, daidai da direba da kafinta da injiniya. Da yake ta ƙare da wannan wasali, kuma ba sunan mutum ba ce, sai ta faɗa jinsin mace: sinuka ce, ba sinuka ne ba. Wasu sukan ce sunuka, inda wasalin gaɓa ta biyu ya rinjayi na farko, irin abin da ya faru a sukundireba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ma'anar. Wasan da Turawan Ingila suke kira da wannan suna ana buga shi ne a kan teburi mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, da ƙwallo 22: jajaye 15 masu maki ɗai-ɗai, da masu launi 6 waɗanda makinsu ya tashi daga 2 na rawaya zuwa 7 na baƙa, da fara guda wadda ita kaɗai sanda take taɓawa. Mafi yawan abin da ake bugawa a rumfunan Kano ba wannan ba ne. Ɗan'uwansa ne na ƙaramin teburi, mai ƙwallo 15 ban da fara, inda kowa yake da 7 nasa, wanda ya gama da su ya zura baƙa shi ya ci. Amma Bahaushe ya haɗa su duka ya ba su suna ɗaya, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo, kowane ɗanɗanon miya na kanti ya zama magi. Ba kuskure ba ne wannan. Faɗaɗa ma'ana ce, kuma da wannan faffaɗar ma'ana za a yi amfani da kalmar a nan.

3.0 Daga Barikin Soja Zuwa Tafin Hannu

Sinuka 'yar mulkin mallaka ce tun daga haihuwarta. An danganta ƙirƙiro ta ga hafsoshin sojan Ingila a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a shekarar 1875, musamman wani matashin hafsa mai suna Neville Chamberlain, wanda ba shi ne ya yi Firayim Minista ba. Kalmar kanta habaici ce ta barikin soja, wadda a da ake kiran ɗalibin shekarar farko da ita a makarantar hafsoshi ta Woolwich, watau kamar a ce ɗan koyo ko sabon shiga. Ke nan sunan wasan daga bakin mai zolaya ya fito, kuma ya kamata a riƙe wannan batu, domin za a sake buƙatarsa. An fara gasar duniya a 1927, Joe Davis ya lashe ta, kuma tun 1977 ake yin ta a zauren Crucible na birnin Sheffield.

Allon kallo ne ya mayar da sinuka wasan jama'a a Ingila. A 1969 gidan BBC ya fara shirin Pot Black domin ya tallata talabijin mai launi, tun da babu wasan da ya dogara da launi kamar wannan. A wasan ƙarshe na 1985, inda Dennis Taylor ya doke Steve Davis da ci 18 da 17 a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe, mutum miliyan 18.5 ne suka zauna kallo har bayan sha biyun dare. Ita kwamfuta ma ba ta jira wannan ba: tun 1954 aka haɗa wasan ƙwallon teburi a kan wata kwamfuta mai suna MIDSAC a Jami'ar Michigan ta Amurka. Daga baya aka sami Steve Davis Snooker a 1984, da Jimmy White's Whirlwind Snooker na Archer Maclean a 1991, wanda ya ba ɗan wasa damar zagaya teburin da ido, da Snooker 19 a 2019. Amma wanda ya game duniya, har ya iso tafin hannun samarin Kumbotso, shi ne 8 Ball Pool na kamfanin Miniclip, wanda ya fito a intanet a 2010, ya shiga waya a 2013. Yawancin misalan wannan sharhi daga gare shi aka ɗauko su, domin shi ne ubangidan sauran, kuma su ma tsarinsa suke bi.

A Nijeriya teburin ya fara ne a kulob ɗin Turawa da gidan shaƙatawar hafsoshi, inda talaka ba ya shiga sai in aike ya kai shi. Kafintan gida ne ya fito da shi bakin titi. Bunƙasarsa a unguwannin ma'aikata ta zo daidai da lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa suka fara ja da baya, bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wutar lantarki da kwararowar kayan waje, har masaƙu da dama suka rufe. Teburi ɗaya jari ne ga mai shi, kuma mafaka ce ga waɗanda jiniyar kamfani ta daina kira.

4.0 Inda Wasan Ya Yi Rawar Gani

Adalci ne a fara da yabo. Motsin ƙwallo a kan teburi abu ne da lissafi ya daɗe da kamawa. Tun 1835 masanin Faransa Gaspard Coriolis ya rubuta littafi sukutum a kan haka. Alal misali, idan farar ƙwallo ta bugi wata ba tare da tana mirginawa gaba ko baya ba, to hanyoyinsu za su rabu ne da kusurwar digiri 90. Idan sanda ta same ta a ƙasa da tsakiya, sai ta dawo da baya bayan karo. Idan a sama ne, sai ta bi abokiyarta. Duk wannan waya tana yin sa ba tare da kuskure ba, har da ƙarar karon ƙwallo da faɗawarta cikin rami. Malamin lissafi ko na kimiyyar motsi a sakandare da wuya ya sami allon da ya fi wannan nuna wa ɗalibi abin da ake nufi da kusurwa, domin yaro yana iya maimaita bugu ɗaya sau ɗari ba wanda zai ce ya biya kuɗin teburi.

5.0 Layin Nuni

Matsalar ta fara ne daga wani ɗan siririn farin layi. A sinukar waya, da zarar ɗan wasa ya juya sandar da ɗan yatsa, sai layi ya fito daga farar ƙwallo ya nufi wadda ake hari, ya zana da'ira a daidai inda za su haɗu, sa'an nan ya fitar da gajerun rassa biyu, ɗaya yana nuna inda wadda aka buga za ta bi, ɗaya yana nuna inda fara za ta nufa. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya daidaita reshen da bakin rami, ya ja ma'aunin ƙarfi da ke gefen allo, ya saki.

To, a kan teburi wannan layin shi ne wasan gaba ɗaya. Ba a ganin sa. A cikin kai yake, kuma shekaru ake yi kafin ido ya koyi zana shi. Ko bayan ido ya zana, saura aikin jiki: yadda ake kafa ƙafa, da yadda ake gina gada da yatsun hagu, da riƙon sanda sakwa-sakwa da dama, da ɗauke numfashi a lokacin saki. Mutum yana iya ganin hanya sarai hannunsa ya ci amanarsa, musamman idan baƙa ce ta rage kuma idanu goma suna kansa. Wannan tazara da ke tsakanin abin da ido ya gani da abin da hannu ya aikata ita ce wurin da gwaninta take zaune, ita ce kuma wurin da tsoro yake shiga. Lokacin da Ronnie O'Sullivan ya tara maki 147, watau iyakar abin da ake samu a zama ɗaya a bisa al'ada, cikin minti 5 da 'yan daƙiƙoƙi a 1997, abin mamakin ba sanin inda ƙwallo za ta bi ba ne. Kowane ƙwararre a zauren ya sani. Abin mamakin shi ne hannu ya bi umarni sau 36 a jere ba tare da gardama ba. A waya kuwa hannu ba ya gardama. Sandar ba ta karkacewa, ba ta zamewa don an manta goga alli, ba ta rawa don zuciya tana bugawa. An ɗauke wa ɗan wasa rabin jarrabawa, an kuma rubuta masa amsar sauran rabin a gefen takarda.

Teburin Zawaciki ma ya fi na Sheffield nuna wannan asara. Na Sheffield shimfiɗarsa dutse ce da aka goge, na rumfar bakin titi kuwa sau da yawa katako ne da aka lulluɓe da koren ƙyalle, ƙafa ɗaya an tokare ta da kwali ko tsinken bulo. Yana da hali kamar jaki. Akwai ramin da yake jan ƙwallo, akwai gefen da robarsa ta mutu ba ta mayarwa, ƙurar hunturu tana rage gudu, danshin damina yana bankara katakon. Gwanin rumfa shi ne wanda ya san halin teburinsa, shi ya sa baƙo, ko da ya fi shi iyawa, yakan sha kashi a wasan farko da na biyu kafin ya gane gari. Wannan ilmi ne na wuri, irin na manomin da ya san inda ruwa yake kwanciya a gonarsa. Teburin waya ba shi da hali; yadda yake jiya haka yake yau, yadda yake a Kumbotso haka yake a Karachi. Masu ƙirƙirar wasan za su ce wannan shi ne adalci, kuma da gaskiyarsu, sai dai adalci ne na wurin da babu kowa a cikinsa.

Daɗin daɗawa, layin kansa haja ce. Kowace sanda a cikin wasan tana da siffofi huɗu: ƙarfin bugu, da tsawon layin nuni, da juya ƙwallo, da yawan lokacin da ake ba mai ita kafin bugu. Sandar da ta fi tsada layinta ya fi tsawo. Ma'anar wannan ita ce, ido, wanda a kan teburi ba ya sayuwa, a nan an yanka masa farashi. A rumfa kowa sandar gida yake ɗauka, karkatacciya ko miƙaƙƙiya, ɗan mai kamfani da ɗan lebura. Kowa ya iya allonsa ya wanke. Gaskiya ne akwai tebura a cikin wasan waɗanda aka cire musu layin, kuma a nan ne kawai yake kusantar asalinsa, amma sanya su a matsayin wani mataki na musamman shi kansa shaida ce cewa an san abin da layin ya ɗauke.

6.0 Ɗan Kallo da Harshe

Wasannin Bahaushe na manya kusan dukkansu wasannin dandali ne. A dubi dara: gidaje 30 ne a haƙe a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, mutum biyu ke yi, amma da wuya a ga dara babu mutum biyar ko shida a tsugune a kanta, wannan yana gyaran murya, wancan yana tsaki, wani yana jefa habaici. Saboda wannan taro ne dara ta bar wa harshe gado, har yau ana cewa dara ta ci gida ko a bakin wanda bai taɓa riƙe karan dara ba. Wasa ba ya shiga harshe ta hannun mai yin sa. Ta bakin mai kallonsa yake shiga.

Sinukar teburi ta sami karɓuwa ne domin ta dace da wannan tsari. Mutum biyu ke riƙe da sanda, saura suna jiran layi, kuma mai jiran layi ba ya yin shiru. Shi ne alƙali idan an yi gardama a kan ko fara ta taɓa, shi ne maroƙi idan an yi bugun kirki, shi ne kuma mai ba da labari gobe a wurin mai shayi. A nan ne kalmomin gida suka hau kan kayan waje: sanda da rami da alli da zurawa da ci da ɓaras. A nan ne ake laƙaba wa gwani suna, ake kuma koya wa yaro haƙurin shan kaye a gaban mutane, wanda ba ƙaramin darasi ba ne. An ambata a baya cewa sunan wasan kansa daga zolaya ya samo asali. Archer Maclean da alama ya fahimci haka, domin a wasansa na 1991, idan ɗan wasa ya daɗe yana tunani, sai ƙwallayen su fara yi masa gwalo da yatsina. Dabara ce ta ban dariya, amma amincewa ce cewa teburi ba ya cika sai da mai tsokana.

A sinukar waya abokin karawa hoto ne da laƙabi da tutar ƙasa. Abin da aka tanadar domin magana shi ne 'yan jimloli shiryayyu na Turanci, na fatan alheri da yabon bugu da godiya, waɗanda ake latsawa kamar ana zaɓen kaya a kanti. Ba a iya yin habaici da su, ba a iya yin kirari. Agogo kuma yana zagaya hoton ɗan wasa, cikin 'yan daƙiƙoƙi lokacinsa ya ƙare, saboda haka babu sararin zagaya teburi ana nazari, balle a bar ɗan kallo ya sa baki. Wanda ya fi shan wahalar agogon shi ne bugun ɓoyo, watau a ajiye fara a bayan wata ƙwallo yadda abokin karawa ba zai ga tasa ba. Wannan shi ne ɓangaren da sinuka ta fi kama da dara, inda toshe hanya yakan fi ci amfani, kuma shi ne ɓangaren da gaggawar waya ba ta ba shi daraja. Sakamakon duk wannan ga harshe a bayyane yake: abin da ake ji daga bakin masu wasan waya galibi sunayen maɓallai ne da matakai, a ɗanyen Turancinsu, domin babu taron da zai tauna su ya mayar da su Hausa kamar yadda rumfa ta tauna sunan sinuka.

Ko sunayen teburan abin lura ne: Landan, Sidni, Tokiyo, Las Vegas, Alƙahira, Dubai, Balin. Yaron da bai taɓa wuce Zariya ba yana iya kwana a Dubai ya wayi gari a Tokiyo. Babu laifi a mafarki, sai dai kowane birni a nan ba wuri ba ne, farashi ne.

7.0 Sulalla

Masanin Faransa Roger Caillois, a littafinsa na 1958 a kan wasanni, wanda ya ɗora a kan aikin Johan Huizinga na 1938, ya kasa wasa gida huɗu: na gasa, da na sa'a, da na kwaikwayo, da na juwa. Langa da kokawa da dara na gasa ne. 'Yar tsana na kwaikwayo ne. Lilo na juwa ne. Caca ita ce ta sa'a. Sinukar teburi gasa ce kusan zalla. Sinukar waya kuwa gasa ce da aka gina a kan harsashin sa'a, kuma wannan shi ne abin da ta ƙara daga aljihunta.

Ba a shiga wasa da wani sai an zuba sulallan cikin wasa. A teburin Landan kowa yana zuba 50, mai ci ya kwashe 100. Daga nan kuɗin shiga yana hawa har ya kai miliyoyi a manyan tebura. Wanda sulallansa suka ƙare yana da zaɓi: ya jira kyautar da ake bayarwa lokaci-lokaci, ko ya kalli talla, ko ya juya wata ƙafar sa'a, ko ya saya da kuɗi na gaske. Manyan sanduna kuma gutsi-gutsi suke fitowa daga cikin akwatuna waɗanda ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. Kamfanin yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi a gaban doka: sulallan ba sa komawa kuɗi ta hanyar da ya amince da ita, saboda haka ba wanda ya ci dukiyar wani. Amma mai nazarin al'ada ba hukuncin kotu yake nema ba. Abin da yake tambaya shi ne wace ɗabi'a ake koya wa hannu da zuciya. Zubi, da kwashewa, da zafin son ramawa, da hawa babban teburi da duk abin da aka mallaka domin a farfaɗo a bugu ɗaya: wannan nahawun caca ne, ko da kalmomin na wasa ne.

Ba a ce rumfa tsarkakakkiya ce ba. Al'adar nan ta wanda aka ci shi ke biyan kuɗin teburi ta daɗe tana jawo magana, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akan ɗora kuɗi a kan wasa. Wannan ne ya sa iyaye da yawa suke kallon gidan sinuka a matsayin matattarar zaman banza. Bambancin shi ne, a rumfa zubi zaɓi ne, ana iya yin wasa ba tare da shi ba, kuma idan an yi, a gaban idon unguwa aka yi. Dattijo yana iya wucewa ya tsawata, mai unguwa yana iya sa a ɗage teburi. Lokacin da Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shaguna 30 na cacar ƙwallon ƙafa cikin Oktoba na 2024, ta iya yin haka ne domin shago yana da ƙofa da kwaɗo. Tsarin da yake cikin aljihun yaro, yana tafiya da shi makaranta da makwanci, ba shi da ƙofar da za a garƙame, kuma uban da ya leƙa ya ga koren teburi da ƙwallaye zai ɗauka ɗansa ya tsira daga rumfa.

8.0 Waɗanda Rumfa Ba Ta Karɓa

Duk da haka akwai wata hujja a ɓangaren waya wadda ba ta tureruwa. Dandalin da aka yaba a sama dandalin maza ne, kuma na maza masu ɗan canji a aljihu. Budurwa a Zawaciki ba za ta tsaya a rumfar sinuka ba, matar aure balle, kuma yaro ɗan shekara goma kora zai sha. Gurgu da ba ya iya zagaya teburi, da mai gadin kamfani da ke kwana shi kaɗai a bakin ƙofa a Calawa, da direban da ya yi kwana uku yana jiran a sauke masa kaya, duk waya ta ba su abin da teburi ya hana su. A bayan hoto da laƙabi ba wanda ya san mace ce ko namiji, saboda haka yarinyar da ke cikin gida tana iya lallasa ƙato a wata nahiya ba tare da ta taka zaure ba. A tarihin wasannin Hausa, inda aka raba na maza daban da na mata daban tun daga yarinta, kamar yadda ake gani a jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, wannan sabon abu ne, kuma ya cancanci nazari na kansa.

Akwai kuma wata hanyar buga wasan wadda masu ƙirƙirarsa ba su tsara ba. Sau da yawa a shagon caji ko a inuwar katangar kamfani akan ga waya ɗaya da kawuna huɗu ko biyar a kanta, ɗaya yana riƙe, saura suna ba da umarni: wannan yana cewa a bi ja, wancan yana cewa a rage ƙarfi, idan aka ɓarar kuwa sai a ƙwace wayar a miƙa wa na kusa. Abokin karawar da ke Jakarta yana zaton da mutum ɗaya yake wasa, alhali da majalisa guda yake yi. A irin wannan zama tsakin nan na dara yakan dawo, da habaicin, da gardamar wa ya fi wa, kuma idan sinukar waya za ta taɓa barin wata kalma a cikin Hausa, to daga bakin waɗannan huɗun da ba su riƙe da wayar za ta fito.